Ɗan Baduku da Takalmin Roba

Ni ɗan baduku ne, jikan baduku, amma yau shekara uku ke nan rabon ƙafata da takalmin fata. In na faɗi haka mutane dariya suke yi, ni ma sai in taya su don a wuce wurin. Amma ni dai ban ga abin dariya a ciki ba. Gajiya na sha, kuma har yanzu in na tuna sai in ji ta a gwiwoyina.

Kakanmu daga wajen Borno ya taso da basillarsa da wuƙarsa, ya sauka a Katagum, ya kafa rumfa yana ɗinkin fata. Baba ya gaje shi. Ni kuwa aka kai ni boko, na zama malamin firamare a Azare, shekara kusan talatin ina shaƙar alli. Kuma ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ƙannena yana yi musu wasa, yana yi musu faɗa, yana ɗora 'ya'yansu a cinya. Ni kuwa "kai" ne, har na fara koyarwa na samu ƙarin girma na koma "Malam". In na je gaishe shi, mu tambayi gajiya, mu tambayi iyali, mu tambayi damina, daga nan sai shiru ya zauna tsakaninmu har a kira la'asar.

Abu ɗaya ne muke da shi, takalmi. Kowace Babbar Sallah in na yanka ragon layya, sai in zuba wa fatar gishiri in kai masa Katagum. Ya bayar a jeme, bayan wata biyu ko uku in tarar da sabon takalmi a naɗe cikin tsohuwar jarida, saman daga fatar ragona, ƙasan kuma ƙirgin saniya. Ba ya cewa ga shi, ba na cewa na gode da yawa. Turo shi yake yi da bayan hannu, in ɗauka.

Yana da wata ɗabi'a kuma. Duk zuwan da na yi, in na tuɓe takalmi a bakin zaure muka gaisa, sai ya miƙa hannu ya ɗauki na hagu, ya juya shi, ya bi dunduniyar da babban yatsa. Ina ɗan shekara tara na faɗo daga kan tsamiya, idon sawuna na hagu ya karye, ya ɗoru a ɗan karkace, tun daga nan nake cin dunduniya ta gefen waje. Baba bai taɓa tambayata yaya ƙafar ba, ko sau ɗaya. Amma duk takalmin da ya ɗinka mini, daidai wurin nan yakan ƙara ninki ɗaya, gwargwadon yadda ya ga na bara ya ci. Da wannan ninkin na san ina da uba.

Kasuwarsa ta daɗe da mutuwa. Roba ta zo, gwanjo ya zo, matasa suka daina waiwayar rumfar dukawa. Idonsa ma ya fara hazo. Ƙannena tun tuni suka koma sayen na kanti, bai ce musu komai ba. Shekarun baya-bayan nan, in ya zare basilla sau ɗaya a shekara, to nawa zai ɗinka. Ni kaɗai na rage masa, kuma dukanmu mun sani.

Sai ƙafa ta fara ƙaiƙayi. Ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso a bayan ƙafar, daidai inda fata ke kwanciya, kamar an zana takalmin da jan biro. Na shafa man kaɗe, na shafa na kemis, na jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da gishiri, abu sai gaba yake yi. Da maiɗakina ta matsa mini na je asibiti, aka ɗebi jini, aka dawo mini da labari biyu. Na farko ina da ciwon suga. Na biyu kuma, likita ya ce jikina ne ba ya shiri da wani sinadari da ake jeme fata da shi. Ya ce mai suga ba ya wasa da miki a ƙafa, don in ya ƙi warkewa ƙarshensa yanka ne. Ya ce in bar duk wani takalmin fata, in nemi kambas mai taushi wanda babu fata ko ƙyalle a jikinsa, in riƙa tafiyar ƙasa kowace safiya.

Na ce, "Likita, ubana baduku ne."

Ya ce, "To ai ka huta, shi zai fi kowa ganewa."

Yaro ne, ba daga nan yake ba, ban ɓata bakina ba. A lokacin kuwa sabon takalmin shekarar bai yi sati biyu a ƙafata ba.

Na ɗauka neman kambas aikin yini ɗaya ne. Ashe na ɗebo ruwan dafa kaina. Duk wanda ya san layin 'yan takalma a kasuwar Azare ya san kalma ɗaya ce ke sayar da kaya, fata. Ka ɗauki kowane takalmi ka ce, "Wannan fa?" kafin ka rufe baki an ce, "Alhaji, fata ce zalla!" Ko silifas ɗin wanka ka ɗaga, in ka yi fuskar mai saye, za a samu wanda zai ce akwai fata a cikinsa. Ban ga laifinsu ba, abin da kowa ke so ya ji ke nan. Ni ne na zo da baƙuwar buƙata.

Rumfar farko na ɗauki wani fari na tambaya, mai kaya ya rantse fata ce daga Italiya. Na ce to ba na so, wanda babu fata nake nema. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi hulata, ya ga dai ban yi kama da wanda abin duniya ya gagara ba. Sai ya karɓi takalmin ya jujjuya ya ce, "Af, wannan ɗin? Ai wannan roba ce." Takalmi ɗaya, baki ɗaya, ko numfashi bai sauya ba! Na ce, "Bawan Allah, ka ji tsoron Allah, wanne ne gaskiya?" Ya ce, "Malam, wanne kake so?" Na ajiye masa kayansa na wuce, don in na tsaya sai mun tara jama'a.

Suna da wata shaida da suke kafawa. In mai saye ya yi musu gardama sai su kunna laita su kara a gefen takalmin, fata ba ta narkewa, roba kuwa nan take ta yamutse. Da na ga haka na ce alhamdu lillahi, ga mafita. A wata rumfa na ce a gwada mini. Mai rumfar ya yi ta hanya-hanya, na nace, ya kara wuta. Takalmi ya yamutse, wari ya tashi, rami ya fito a gefen yatsa. Mutumin ya sunkuyar da kai yana cewa wallahi shi ma cutarsa aka yi a Kano. Ni kuwa na ce, "Madalla, irin wannan nake nema!" Har yau ina ganin fuskarsa. Na tabbata da na bar wurin ya ce wa maƙwabtansa malamin nan karatu ya taɓa shi. Dole na ɗauki mai ramin tunda ni na sa aka ƙona, da na isa gida kuma na tarar ya matse mini yatsu.

Maiɗakina ta duba a waya ta ce ai Turawa har suna suka yi wa irin takalmin nan, akwai masu yinsa musamman saboda mutanen da ba sa cin nama, ba sa sa fata, don tausayin dabba. Na ce to Allah ya ba su lada, ni da hannuna nake yanka ragona, ƙafata ce kawai ta yi mini tawaye. Ta nuna mini hotuna, kyawawa kuwa. Amma wa zai kawo maka su Azare? Wanda aka ce ana aikowa daga Legas, ba ka gwada ba, ba ka taɓa ba, ga ƙafa mai ciwo. Na ce a bar shi.

Na koma wajen 'yan gwanjo. Ranar kasuwa in tsuguna gaban tulin takalma a rana, ina tona kamar kaza a juji, in samu ƙafar dama, ta hagu sai an zazzage buhu. Na samu wani mai raga-raga, ba nauyi, na duba ko'ina ban ga fata ba. Kwana tara ina zagaya filin ƙwallon makarantarmu da shi bayan asuba, har na fara jin kaina mutum. Rana ta goma ƙuraje suka dawo a dunduniya. Da na zare shimfiɗar ciki sai ga wata siririyar fata an lailaye bayan da ita, ta yi baƙi don tsufa har ta saje da yadin. Na zauna a bakin baranda na riƙe takalmin, wallahi kamar in yi kuka. Ɗan baduku, bai san fata ba in ta ɓuya.

Duk wannan wahalar ƙarama ce a kan zuwa Katagum. Ƙarshen kowane wata nake zuwa, kuma ban faɗa wa Baba komai ba. Ta ina zan fara? In ce masa abu ɗayan nan da yake ba ni shi ke cin ƙafata? Sai na ɓullo da dabara. In shiga mota a tashar Azare da silifas, takalminsa na cikin leda. In mun wuce Sakwa sai in sunkuya in sa safa, in zura nasa, in cusa silifas a jaka. In yini da shi, masallaci da shi, gaishe-gaishen dangi da shi, ga zafi ga gumi. In na dawo Azare in yi sati ina ɗingishi.

Maiɗakina ta ce, "Malam, kunya ce za ta raka ka ɗakin tiyata? Ka faɗa masa mana, ai ubanka ne."

Na ce, "Ke ba ki san mutumin nan ba."

Ta ce, "Kai ma ba ka san shi ba. Shekara hamsin kuna gaisuwa kamar surukai."

Na yi mata tsawa, abin da ban saba ba. Na san gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya yi mini zafi.

Zuwan farko lafiya lau, takalmi sabo ne, babu abin dubawa. Zuwa na biyu ya ɗauka ya juya, ya bi dunduniyar da yatsa, ya daɗe fiye da yadda ya saba. Wata biyu, malamin da ke taka ƙasa kullum, amma ƙirgi sumul kamar jiya aka yanka. Sannan ya ajiye.

Ana gobe zan koma zuwa na uku, da hantsi bayan kowa ya fita, na tsuguna a tsakar gida na kama takalmin nan ina gurza dunduniyarsa a siminti. Ƙato da ni, da furfura a gemu, ina gurza aikin ubana a ƙasa kamar mai wasa wuƙa. Na gurza na dama, na gurza na hagu, na shafa musu ƙasa, na duba na ce ya yi. Ga shi kuma a gefen babban yatsan ƙafata ta hagu wani miki ya buɗe, kwana goma sha ya ƙi rufewa. Na naɗe shi da bandeji, na ja safa a kai.

Na tarar da shi a zaure kan buzunsa, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Muka gaisa, gajiya, iyali, damina. Ya miƙa hannu ya ɗauki na hagu. Ya juya shi, ya bi da yatsa sau ɗaya, ya sake bi. Sannan ya kashe rediyon.

Ya ce, "Malam, ƙafar hagun taka ta miƙe ne?"

Na ce, "Na'am, Baba?"

Ya ce, "Shekara arba'in da wani abu tana cin waje. Yau na ga ta ci ciki."

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Da na juya takalmin a hannuna ina gurzawa, gefen ya rikice mini, na cinye wajen da ƙafata ba ta taɓa ci ba, na bar ninkin da ya ƙara yana nan daram. Ni mai ƙafar ban san inda take ci ba sai da na tsaya tunani, shi kuwa yatsansa ya sani.

Ya ce, "Kuma ƙasa ba ta cin ƙirgi layi-layi. Wannan siminti ne." Ya ajiye takalmin a hankali. "Cire safar nan."

Na cire. Na warware bandejin. Ya matso, ya kama ƙafata da hannu biyu ya ɗora a cinyarsa, ya kawo fuskarsa kusa saboda idon. Rabon da hannunsa ya taɓa jikina tun ranar da aka ɗora mini wannan ƙafar ina yaro, shi ne ya danne ni mai ɗori yana ja. Ya bi sawun ƙurajen da kallo, yadda suka bi zanen takalminsa ba kuskure.

Ya ce, "Aikina ne wannan?"

Na ce a'a, ba aikinsa ba ne, maganin jima ne, ga abin da likita ya ce, ga suga, ga tafiyar safe, ga yawon kasuwa. Na zazzage masa duka, ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Majemin da ke yi mini da bagaruwa ya rasu shekara huɗu ke nan. Tun daga nan Kano ake kai fatar, a dawo mini da wata, ko taka ce ko ba taka ba ce Allah masani. Na ji warinta tun ranar farko, na san jimar kamfani ce. Na ɗinka ne don babu wata. Da na faɗa maka."

Na ce, "Ni ma da na faɗa maka, Baba."

Ya mayar mini da bandejin da kansa, ya ɗaure tsaf kamar yana naɗe kaya.

Ranar kasuwa ta gaba ina shirin fita sai ga sallama. Baba ne da sandarsa, mutumin da ya shekara shida bai taka Azare ba, ya biyo motar farko. Ruwa kawai ya sha ya ce in kai shi layin 'yan takalma.

Mai rumfar farko ya hango tsoho da farar riga ya taso da fara'a, "Baba, ga fata zalla—"

Baba ya ce, "Ɗana, ni baduku ne. Zauna ka huta."

Ya zauna kuwa. Baba bai nemi laita ba. Ya ɗauki takalmi ya kai hanci, ya ajiye. Ya ɗauki wani ya zura yatsu har ƙurya, ya ɓanɓaro shimfiɗar ciki, ya lalubi bayan dunduniya. Inda ya yi shakka sai ya lashi yatsa ya dangwala, in wurin ya sha yawun to fata ce, in yawun ya tsaya a sama roba ce. Ya nuna mini bakin yanka, ya ce ta gaske gashi-gashi take yi, ta ƙarya kuwa za ka ga zare a bayanta. Rumfa huɗu muka shiga. Masu kaya suka daina rantsuwa, suka zagaye shi suna miƙo nasu ya faɗa musu gaskiyar abin da suke sayarwa. Shi da duk rayuwarsa yake neman fata ta gari, ranar nan ya yini yana ture ta gefe.

A ƙarshe ya miƙo mini wani shuɗi mai ratsin kore shar, irin na 'yan ƙwallo, muni kam ba a magana. Ya ce, "Wannan ko warin dabba bai taɓa ji ba. Gwada." Ya zauna mini daidai. Amma bai bar ni na tafi da shi ba, ya sa a ledarsa ya koma Katagum. Bayan kwana uku direban motarsu ya kawo mini. A dunduniyar hagu, gefen waje, an yanka ɗan guntun taya an ɗinke da zare, ɗinki ƙanana a jere. Baba da ya sha cewa basillarsa ba za ta taɓa shiga roba ba.

Shi ne ɗinkinsa na ƙarshe. Mikin ya rufe bayan wata ɗaya da rabi, ƙafa ta tsira, suga ya sauka, kullum ina zagaya fili da ratsin kore, yara na yi mini dariya ta taga. Da Babbar Sallah ta zagayo, hannuna da kansa ya zuba wa fata gishiri, na kai masa. Ya ce in bayar sadaka. Na ga basillar a soke jikin azara, can sama inda ba a miƙa hannu kullum. Ban ji daɗi ba, kuma har yau ban daina jin cewa ni na soke ta a wurin ba.

Shuɗin ya mutu tuni, na sayi biyu bayansa. Yanzu na iya, in shinshina, in laluba, in lashi yatsa, 'yan kasuwa har sun san ni. Sai dai babu mai ƙara mini ninki, dunduniyar hagu wata huɗu take yi ta zaizaye.

Idon Baba ya tafi gaba ɗaya bara. Watan jiya na je, na tuɓe kambas a bakin zaure, muka gaisa, gajiya, iyali, damina. Ya lalubo da hannu har ya samu na hagu, ya juya, ya bi da yatsa, ya tarar ya ci waje har ya kusa hujewa. Ya ce, "To, wannan kam ana takawa." Ya riƙe shi a cinya, ya daɗe, babu abin da zai iya yi masa. Sannan ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

Ya ce, "Ƙafar fa? Tana yi maka ciwo?"

Shekara arba'in da biyar ina jiran tambayar nan.

Na ce, "Da sauƙi, Baba."

Ya ce, "Madalla," ya miƙo mini takalmina.